Haddar Sunayen Shari'u Ba Ta Fitar da Lauya

Akwai wata ɗabi'a da ta kama ɗaliban shari'a a Nijar da Gana da Kamaru da Cadi, tana cin su a hankali kamar yadda gara ke cin azara. Ɗalibi zai sayi ƴan takardun taƙaitawa da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta, ya haddace sunan shari'a da shekararta da jimla guda da aka ce ita ce ƙa'idarta. Ranar jarrabawa ya amayar da su a kan takarda, ya ci. In aka tambaye shi wane ne ya kai ƙara, me ya faru, wace hujja wanda ya sha kaye ya kawo, sai ya yi tsuru-tsuru. Wannan karatun aku ne, kuma babu reshen shari'a da ya fi cutuwa da shi kamar reshen ɓarna da diyya, wanda lauyoyin Ingila ke kira "tort", na Faransa kuma ke karanta shi a babin alhakin da ke tsakanin mutum da mutum.

Tambaya guda ce ke ƙarƙashin wannan reshe gaba ɗaya. Idan wani ya cutu a jikinsa ko dukiyarsa ko mutuncinsa, wa zai ɗauki asarar? A bar ta inda ta faɗa, ko a ɗauke ta a ɗora wa wani? Bahaushe ya ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kotu ba ta iya tsayawa a nan, domin aikinta shi ne ta gano wanda ya ɗebo, ta duba ko ya kamata ya san da zafin, ta kuma yanke inda alhakin ƙunar zai tsaya. Amsoshin waɗannan tambayoyi suna cikin bayanan abin da ya faru a kowace shari'a, wato ainihin abin da takardar taƙaitawa ke yankewa ta zubar.

Dodon koɗin da ba a taɓa tabbatarwa ba

A ɗauki shari'ar Donoghue da Stevenson, wadda duk ɗalibin da ke karatu bisa tsarin Ingila ya san sunanta. Ranar 26 ga Agusta, 1928, wata mata mai suna May Donoghue ta shiga wani shagon shaƙatawa a garin Paisley na ƙasar Sikotilan. Wanda suke tare ne ya saya mata kwalbar lemon citta. Kwalbar baƙa ce, ba a ganin cikinta. Bisa ƙarar da ta shigar, bayan ta sha wani ɓangare, da aka juye ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, daga nan ta kamu da ciwon ciki. Ba ita ta biya kuɗin ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da mai shago, balle tsakaninta da David Stevenson, mai masana'antar da ta cika kwalbar. Tun daga shari'ar Winterbottom da Wright ta 1842 lauyoyi suka ɗauka cewa wanda babu yarjejeniya tsakaninsa da mai sana'a ba shi da bakin neman diyya a wurinsa, sai a wasu ƴan wurare ƙalilan. Ko a 1929 kotun Sikotilan ta kori irin wannan ƙara a shari'ar Mullen, inda aka ce ɓera aka samu a cikin kwalba.

Ranar 26 ga Mayu, 1932, alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, suka ba ta gaskiya. Mai hadda ya san wannan, ya kuma san cewa Alƙali Atkin ya yi maganar maƙwabci: wajibi ne mutum ya kiyaye kada aikinsa ya cuci waɗanda hankali ya nuna aikin zai shafe su kai tsaye. Ga abubuwan da bai sani ba. Na farko, alƙalai uku ne suka rinjayi biyu. Da mutum ɗaya ya sauya ra'ayi, da labarin ya sha bamban. Na biyu, kotun ba ta taɓa cewa akwai dodon koɗi a cikin kwalbar ba. Abin da aka tambaye ta shi ne, in an ƙaddara duk abin da matar ta faɗa gaskiya ne, tana da haƙƙin a saurari ƙararta? Stevenson ya rasu a cikin shekarar, magadansa suka sasanta da ita a wajen kotu, ba a taɓa jin shaidu ba. Na uku, baƙin kwalbar shi ne ƙashin bayan hukuncin. Ƙa'idar da kotun ta tsayar ta shafi mai ƙera kayan da ya nufa su isa hannun mai amfani yadda suka fito, ba tare da wata damar a bincika su a hanya ba.

Wannan sharaɗi na uku ne ya ba kotunan Afirka ta Yamma damar amfani da hukuncin, a shari'ar Aboagye da kamfanin giya na Kumasi, inda aka sami ruɓaɓɓen kwakwan manja a cikin kwalba, da shari'ar Osemobor ta 1973 a Legas, inda aka sami ruɓaɓɓen haƙori a cikin biskit. Lauyan da ya haddace kalmar "maƙwabci" kaɗai, ranar da aka kawo masa ƙarar kayan da dillalai uku suka buɗe suka sake ɗurawa kafin su kai kasuwa, ba zai san ta inda abokin karawarsa zai ɓullo masa ba.

Hujjar wanda ya sha kaye ba ta mutuwa

Takardun taƙaitawa ba su da wurin ra'ayin marasa rinjaye, kamar dai wanda aka kayar ba shi da abin faɗa. Alƙali Buckmaster, ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi, ya ji tsoron cewa in an buɗe wannan ƙofa ba za a iya rufe ta ba, har maginin gida ma zai shiga ciki. Tsoron nasa bai tashi a banza ba. A 1977, a shari'ar Anns, wadda ta shafi gidajen da suka tsage saboda raunin harsashi, kotun ƙolin ta faɗaɗa wajibcin kiyayewa ƙwarai. A 1990, a shari'ar Murphy, kotun ta janye daga wancan hukunci nata. A cikin shekarar ce kuma aka yanke shari'ar Caparo, wadda ɗalibai suka mayar da ita matakai uku da ake jerawa kamar karatun allo: a iya hango cutar, a sami kusanci tsakanin ɓangarorin, kuma ɗora wajibcin ya dace da adalci.

A 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba ƙarar wata tsohuwa mai suna Robinson, wadda ƴan sanda suka banke a kan titi suna kokawa da wanda suke son kamawa. Kotun ta bayyana cewa kuskure ne a ɗauki matakan nan uku a matsayin ma'aunin da ake gwada kowace ƙara da shi. Inda shari'un baya suka riga suka tsayar da wajibci, su ake bi. Inda lamarin sabo ne, a yi ƙiyasi da mafi kusa da shi. Ƙiyasi kuwa ba ya yiwuwa ga wanda bai san bayanan shari'ar da zai yi ƙiyasin da ita ba.

Gobara ɗaya, hukunci biyu

Babu misalin da ya fi tona asirin hadda kamar shari'u biyu na jirgin ruwan Wagon Mound. A 1951, a tashar jiragen ruwa ta Sidni a Ostareliya, ma'aikatan jirgin suka yi sakaci man injin ya malale a kan ruwa, ya bazu har ƙarƙashin wata matsaya inda ake walda ana gyaran wani jirgi. Bayan kwana biyu da wani abu man ya kama da wuta, matsayar ta ƙone, jiragen da ke wurin suka lalace. Masu matsayar suka kai ƙara, a 1961 suka sha kaye, domin an tsayar cewa mai hankali ba zai hango irin wannan mai ya kama da wuta a kan ruwa ba. Masu jiragen da suka ƙone suka kai tasu ƙarar, a 1966 suka yi nasara, domin an tsayar cewa injiniya mai hankali zai hango haɗarin, ko da ƙanƙane ne, kuma babu wani dalilin barin man ya zuba.

Mai hadda zai rubuta cewa ana biyan diyyar ɓarnar da za a iya hango irinta ne kawai. Gaskiya ne, amma bai bayyana yadda wuta guda ta haifi hukunci biyu ba. Sirrin yana wurin masu ƙarar farko. Manajansu ya ga man, ya tsayar da walda, ya yi tambaya, sannan ya ba da umarni a ci gaba. Da lauyoyinsu sun dage cewa ana iya hango gobarar, da sun ɗaure kansu da igiyarsu, domin a dokar wurin a wancan lokaci mai ƙarar da sakacinsa ya taimaka wajen ɓarnar ba ya samun ko anini. Masu jiragen ba su da wannan ƙaya a ƙafa, sai suka kawo shaidun da na farkon suka ƙi kawowa. Wanda ya fahimci haka ya koyi cewa abin da kotu ke kira gaskiyar lamari yana rataye da abin da ɓangarorin suka zaɓi su tabbatar, kuma wannan darasi ya fi amfani ga lauya a kan jimlar da ya haddace.

Ruwan da ya tsere

Shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868 ma ta sha irin wannan yankan ƙauna. Ɗalibai da yawa za su ɗauka Rylands ne mai ƙara, tunda sunansa ne a gaba, alhali shi aka kai ƙara, sunansa ya zo gaba ne don shi ya ɗaukaka ta. Mai masaƙa ne a Lancashire, ya sa ƴan kwangila suka gina masa tafkin tara ruwa. A ƙarƙashin wurin akwai tsofaffin ramukan haƙar kwal da ba a toshe su yadda ya kamata ba. Da aka zuba ruwa a ƙarshen 1860, sai ya ɓalle ta ramukan ya cika mahaƙar Fletcher. Ba a sami Rylands shi kansa da sakaci ba, amma aka ɗora masa biya, bisa hujjar cewa wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa don amfanin kansa, ta hanyar da ta wuce amfanin da aka saba yi da fili, shi zai ɗauki abin da ya biyo baya in abin ya tsere.

Kowace kalma a nan sharaɗi ce, kuma kowace ta kayar da wani mai ƙara. A shari'ar Read da Lyons ta 1946, wata ma'aikaciya mai duba makamai ta ji rauni da wani harsashin igwa ya fashe a cikin masana'anta, ta rasa ƙararta domin babu abin da ya tsere daga harabar. A 1975 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yi aiki da ƙa'idar a shari'ar Umudje da Shell-BP, kan dagwalon mai da ya malalo daga rami ya kashe kifaye a tafkunan jama'a. A 1994 kotun ƙolin Ostareliya ta narkar da ƙa'idar cikin dokar sakaci, ta Ingila kuma tun a ƙarshen 1993 ta ƙara mata sharaɗin cewa sai an iya hango irin ɓarnar. Ƙasashen da ke haƙar mai da yuraniyom da zinariya suna buƙatar lauyoyin da suka san wace hanya ce cikin waɗannan ta dace da ƙasarsu, da dalilin da ya sa.

Ɗaya gefen iyaka

Ɗalibin da ke karatu bisa tsarin Faransa kada ya ga kamar tsiyar ta maƙwabta ce, wai shi dokarsa a rubuce take cikin kundi. Kundin dokokin farar hula na Faransa na 1804, wanda Nijar da Cadi da Kamaru suka gada, sashe biyar kacal ya ware wa wannan babi, daga na 1382 zuwa na 1386. Na farkonsu ya ɗora gyaran ɓarna a kan wanda laifinsa ya jawo ta. Farkon sashe na 1384 ya ambaci abubuwan da mutum ke tsare da su, kuma kusan shekara casa'in ana ɗaukar wannan jimla a matsayin shimfiɗa kawai ga maganar dabbobi da gine-gine da ke biye. Alƙalai ne suka busa mata rai. A 1896, a shari'ar Teffaine, tukunyar tururin wani jirgin ruwa ta fashe ta kashe makaniki, matarsa ba ta da hanyar tabbatar da laifin mai jirgin, kotu ta dogara da wannan jimla ta ba ta diyya.

Ranar 13 ga Fabrairu, 1930, aka kai maganar maƙura a shari'ar Jand'heur. Motar dakon kaya ta wani kanti ce ta buge wata yarinya. Kotunan ƙasa suka ce mota a hannun direba take, saboda haka sai an tabbatar da laifinsa. Kotun ƙolin ta ce a'a: mai tsare da abu shi ke da alhakin abin da ya ɓata, kuma nuna cewa bai yi laifi ba ba ya fitar da shi, sai ya nuna wani sababi daga waje da ya fi ƙarfinsa. A 1941, a shari'ar Franck, inda ɓarawo ya saci motar wani likita ya kashe ma'aikacin gidan waya da ita, aka fayyace cewa mai tsare da abu shi ne wanda ke amfani da shi, yake sarrafa shi, yake iko da shi, don haka wanda aka sace wa mota ya fita daga wannan matsayi.

Shekara biyu ke tsakanin hukuncin Jand'heur da na Donoghue, kuma matsala guda suka fuskanta: injuna da masana'antu suna cutar da mutanen da ba su da hanyar leƙa cikinsu. Faransa ta sauke wa wanda aka cuta nauyin tabbatar da laifi, Ingila ta bar masa nauyin amma ta faɗaɗa waɗanda zai iya kai wa ƙara. Ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Kumasi ya kai Maraɗi yana ratsa tsarin biyu a tafiya guda, lauyansa kuwa ɗaya kaɗai ya sani, shi ma da ka. Haddar lambobi ita ma tana da ranar tonon asiri. Faransa ta mayar da sashe na 1382 ya zama na 1240 tun 2016, ta kuma fitar da haɗarin mota zuwa wata doka ta musamman tun 1985. A Nijar da Kamaru da Cadi, diyyar haɗarin mota tana bin dokar inshora ta bai ɗaya ta CIMA, wadda aka sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Wanda ya tashi a kotu yau ya karanto Jand'heur kan haɗarin mota, bai duba wannan doka ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Uzurorin masu hadda

Masu kare wannan ɗabi'a suna da uzuri uku. Na farko, lokaci kaɗan ne, shari'un kuma da yawa. Amma ɗalibin da ya karanta shari'a goma tun daga bayanan abin da ya faru har ra'ayin marasa rinjaye ya fi wanda ya haddace sunaye ɗari, domin na farkon zai iya warware ƙarar da bai taɓa gani ba. Laifin a nan na masu tsara jarrabawa ne kafin ya zama na ɗalibi. Muddin tambayar ita ce a kawo ƙa'idar shari'a kaza, takardar taƙaitawa za ta ci kasuwa. Ranar da aka fara ba ɗalibi labarin wata ɓarna aka ce ya kare wanda ake ƙara, ranar kasuwarta za ta mutu.

Uzuri na biyu shi ne harshe. Hukunce-hukuncen da Ingilishi ko Faransanci na da aka rubuta su, ɗalibin kuma da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ya tashi. Wahalar gaskiya ce, sai dai maganinta yana cikin harshen gida. Ɗalibin da ya iya zama ya ba ɗan'uwansa labarin Wagon Mound da Hausa, ya bambanta masa sakaci da ganganci da tsautsayi, ya gaya masa dalilin da ya sa masu matsaya suka faɗi masu jirage suka ci, ya fahimci shari'ar. Wanda ya kasa, baƙin kalmomin da ya haddace mayafi ne kawai a kan rashin fahimta. Kalmomin kuwa akwai su tun da daɗewa: diyya, ranko, lamuni, ta'adi, alhaki, sababi.

Uzuri na uku ya fi sauran daɗin ji: wai waɗannan labaran Turawa ne, a haddace su a ci jarrabawa a manta. Mai wannan magana bai san abin da ke zauren unguwarsu ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda aka rubuta tun ƙarni na 10 kuma har yau ake karanta shi a makarantun zaure, ya ɗora wa mahayin dabba da mai janta da mai korarta lamunin abin da ta taka. Ya ɗora wa masu dabbobi ɓarnar da suka yi a gona da dare, ya sauke musu ta rana. Ya kuma ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu. Tambayar mai tsare da abu, wadda Faransa ta sha fama da ita kan mota, malaman Malikiyya sun tattauna ta kan raƙumi da jaki. Kowace kaka ma hakimai da masu gari suna zama kan ɓarnar gona, suna tambayar ko an saki gonaki, ko burtali a buɗe yake, ko makiyayi ya yi sakaci. Ɗalibin da ya karanta shari'un Turai da idon basira zai ga tambayoyin garinsu ne a cikin wasu tufafi, har ya iya gwada amsar wani da ta wani.

Wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci ba ya cikin aji. Shi ne mai ƙaramin ƙarfin da gurɓataccen abinci ya kwantar, ko mai gonar da dagwalon masana'anta ya kashe wa amfani, wanda ya sayar da akuyarsa ya ɗauki lauya. May Donoghue sai da aka rubuta ta a matsayin matalauciya kafin a saurari ƙararta a Landan, kuma ta kai can ne domin lauyanta, Walter Leechman, wanda ya ga yadda aka kori ƙarar Mullen, ya karanta wancan hukunci har ya gano inda za a iya rusa shi. Malaman da ke tsara darasi a wannan zango su rage jerin sunaye, su ba ɗalibai cikakkun hukunce-hukunce kaɗan, su sa kowa ya tsaya a gaban aji ya kare ɓangaren da ya sha kaye.